Shafi na Uku na Ƙarin Dokokin Ayari

Mu ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka zube a Dutse bayan an ƙirƙiro jiha, ranar Asabar ita ce azabarmu. Iyali suna Kano, garin kuwa a lokacin in ka zaga shi sau ɗaya ka gama ganinsa. Mu biyar muke zama ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan da muke haya a unguwar Takur, daga la'asar zuwa magariba, muna kallon awakin maƙwabta. Zaman banzan nan ne ya haifi wasan da muka sa wa suna Ayari.

Wanda ya ƙirƙiro shi safiyo ne a ma'aikatarmu, mutumin Filato, Kirista, amma wallahi Hausar bakinsa ta fi tawa gardi. Ya sayi littafin rubutu mai bangon kwali ya tsara dokoki. Kowannenmu ya ɗauki mutum ɗaya a ayarin fataken zamanin da: ni ne mai jakuna, akwai ɗan baka mai tsaron ayari, akwai mai magani, akwai maroƙi. Shi kuma safiyon shi ne madugu, wato mai ba da labarin. Sai ya ce, "Kun iso bakin kogi, ya cika ya batse, ga 'yan fashi a bayanku. Mai jakuna, me za ka yi?" Ka faɗi dabararka, ka jefa ƙwayar ludo mai ɗigo-ɗigon nan. In ɗigo ya kai huɗu ka haye, in bai kai ba ruwa ya tafi da jakinka da gishirinka. Ko sisi ba a sawa. Amma ka ga manya da gemu suna musu a kan jakin da babu shi, har jijiyar wuya tana tashi.

Shekaru muka yi a haka. Iyali suka zo, muka rarrabu a gidaje, amma Asabar ba ta wucewa sai an ɗaura wa jakuna kaya. Ranar sunan ɗiyata ta biyu, safiyon nan ne ya kawo rumfa a bayan motar ofis, shi ya kafa ta da hannunsa.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ta zo. Ina so a ji wannan da kyau: babu wanda ya zo ya ce mana uffan. Ba malami, ba hukuma, ba mai unguwa. Tsoronmu ne kawai. Ɗan bakan ayarinmu, wani mutumin Kiyawa, an yi masa ƙarin girma ya zama mataimakin darakta, kuma a ƙarƙashinsa nake. Shi ya fara cewa in mai wucewa ya ga muna jefa ƙwaya zai ce caca muke yi. Ya ce zai rubuto ƙarin dokoki. Madugu ya ce, "Rubuto mu gani, Malam." Dokar littafinsa dama ta ce ba a canza komai sai 'yan wasa huɗun duk sun sa hannu. In ɗaya ya janye, gyara ya faɗi.

Da yake mu ma'aikatan gwamnati ne, ba mu san wata hanyar yin abu ba sai ta fayil. Mutumin Kiyawa ya buga dokokinsa a tafireta, shafi uku, ya sa a fayil, ya maƙala takardar sa hannu a gaba, fayil ya shiga zagaya ofisoshi kamar na neman hutu. Duk wanda ya yi aiki a sakatariya ya san yadda muke yi da fayil. Ka duba shafin farko, ka duba su wa suka riga ka, ka rubuta "na gani, na amince", ka tura gaba. Ranar Alhamis ya iso teburina dab da tashi. Shafin farko ya ce an soke ƙwayar ludo, za a zuba ƙwallon dabino shida masu lamba a cikin hula, mutum ya zaro ɗaya. Na yi dariya na ce kai, mutumin nan da dabara yake. Uku sun riga sun sa hannu. Na sa nawa, ban ɗaga sauran shafukan ba.

Madugu ne na ƙarshe da fayil ya je wa. Ranar Asabar ya zo da shi a hammata, ya zauna a kan tabarma, ya ce bari ya karanta kowa ya ji.

Ya yaba da shafin farko. "Wannan ya yi," in ji shi, "dabino dai ba ya wuya a Dutse."

Shafi na biyu ya cire aljanu daga labari, ya mai da mai magani malamin ayari, ya kuma rufe rumfar wata mata da ke sayar da burukutu a zangon ayarin. Madugu ya ɗan ja. Ya ce a cikin aljanun, aljanar tsamiya ita ce ta fi ba mu dariya, kuma mutumin Kiyawa da kansa ya taɓa neman aurenta. Aka yi dariya kaɗan. Ya ce to, ba komai, 'yan fashi da kuraye sun ishe shi.

Ya juya shafi na uku. Ya karanta a hankali: ayari ba zai tashi daga zango ba sai madugu ya ja shi salla, don haka ba wanda zai riƙe madugantaka sai wanda zai iya limanci, a cikin wasa da wajensa.

Ni dai a lokacin na fara jin wannan magana.

"To ai ni kaɗai ne a nan ba zan iya ba," in ji madugu.

Mutumin Kiyawa ya gyara zaman hula ya ce, "Haba Oga safiyo, ba don kai aka yi ba. Tarihi ne, madugan da haka suke. Kana iya ɗaukar ɗan baka, na bar maka."

Tarihi! Shekara nawa muna tsallake kogunan da babu su a ƙasar Hausa, bai tuna da tarihi ba sai yau.

Madugu bai kula shi ba. Ya bi takardar sa hannun da yatsa har ya zo kan nawa, ya ɗago ya dube ni. "Mutumina, tsakaninka da Allah, ka karanta shafi na uku kafin ka sa hannu?"

Ya san halina da fayil, teburinsa yana kallon nawa. Ƙofa ya buɗe mini. Kalma ɗaya ce, in ce a'a, gyara ya faɗi, ya ci gaba da zama madugunmu. Na dubi mutumin Kiyawa, wanda zai rubuta rahotona na ƙarshen shekara, na dubi sauran biyun da suka dukar da kai suna tsinkar zaren tabarma. Na ji tsoron a ce ni ne na ƙi dokar da aka ambaci salla a cikinta.

Na ce, "Na karanta."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa wa mutumin Kiyawa littafin mai bangon kwali da hannu biyu, ya zauna yana kallonmu muna zarar ƙwallon dabino har aka kira magariba, sannan ya sa takalminsa ya tafi. Bai sake zuwa ba. Sabon madugu kuwa labarinsa salam ba gishiri, kamar yana karanta sanarwar ofis. Ko wata ɗaya ba a yi ba wasan ya mutu, kuma har ya mutu ba wanda ya leƙo ya tambayi me muke yi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ba haushin mutumin Kiyawa na fi ji ba.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan Asabar ɗin da aka karanta fayil na tare safiyon a barandar ofis, na shirya zan gaya masa gaskiya. Matakin aikinmu ɗaya, shekarunmu ɗaya. Da ya hango ni sai ya raɓe jikin bango ya ba ni hanya, ya ɗan rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

Da haka ya ci gaba da gaishe ni har ya nemi canjin wurin aiki ya koma gida.