Bututu Huɗu da Na Toshe a Jar Mota

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina kanikanci a garin nan, kuma abin da na fi iyawa shi ne cirewa. Haka aka koya mana. Mota ta zo daga waje, kafin ta yi wata guda mun cire mata tamosta mai daidaita zafin inji, mun haɗa fanka kai tsaye, mun fasa salansa mun zubar da abin da ke ciki. In mai mota ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Wannan na ƙasar sanyi ne." Ban taɓa zuwa ƙasar sanyi ba. Maigidan da ya koya mini sana'a ma bai wuce Jos ba.

Ina da aboki tun muna samari, dillalin doya da riɗi, mutumin Kwandere da ya gina gida a Akurba. Yana kirana Injiniya, ina kiransa Ciyaman, duk da ba ni da takardar injiniya, shi ma bai taɓa shugabantar komai ba. Mutum ne mai natsuwa, ba ya shan taba, ba ya caca. Cutarsa ɗaya ce, injin mota. Yana da tsofaffin mujallu masu hotunan motocin tsere, ya zo gareji ya baje mini su a kan benci.

"Injiniya, ka ga wannan? Silinda goma sha biyu. Kuma injin a bayan direba yake."

"To buhu fa, ina za a sa?"

"Kai dai ba ka da buri. Wannan ba don buhu aka yi shi ba, don a sha kwana lafiya."

Wata ranar Talata ya shigo gareji da jar mota 'yar Japan, ta hannu, gajera har tana shafar ƙasa a bakin ƙofarmu. Ya ce in buɗe bonet. Na buɗe, na ga inji ɗan ƙarami can ciki, kamar an ajiye tukunyar miya. Ya ce babu fistin ko ɗaya a cikinsa. Na ce to me ke tura ta, aljanu? Ya zana mini a ƙasa da tsinke: ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa, a ciki wani ƙarfe mai kusurwa uku yana juyawa. Babu mai hawa, babu mai sauka, juyawa kawai. Ya ce shi ya sa allurar totur, mai nuna saurin juyin inji, ke kaiwa tara, inda motocinmu ke neman mutuwa a shida. Ya ce irin injin nan ya taɓa cin tseren yini da kwana a Turai.

Sai ya taka. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ba ruri ba ne irin na tirela, siriri ne, yana hawa yana hawa kamar injin niƙa da ya samu ilimi. Masu faci suka bar tayoyi suka zo. Shi kuwa ya lumshe ido. Duk Lahadi da yamma yakan bi hanyar Kwandere inda babu mutane, ya sake ta, ya dawo fuska a washe.

Bayan wata biyu ya zo ya ce baƙin mai na raguwa, kusan duk mako uku sai ya ƙara. Ni a wajena motar da ke shan baƙin mai marar lafiya ce, babu wata magana. Na duba ƙasa, ba ta ɗiga. Na bi injin da hannu har na samu wasu siraran bututu huɗu suna ɗaukar baƙin mai daga wani ɗan famfo, suna kai shi cikin ɗakin da fetur ke ƙonewa. Na ce yauwa, ga ɓarawon. Na toshe su duka huɗun, na bar famfon a wurinsa don kada wata fitila ta kama a gaban direba. Aikin ya yi tsabta, har yau ban ƙi in faɗi haka ba.

Ya tambaye ni me na yi. Na ce na ɗaure wasu abubuwa. Ban ce masa na ƙasar sanyi ne ba, don na san shi, zai ɗauko mujalla.

Baƙin mai ya daina raguwa. Ya aiko mini da doya goma.

Kafin damina ta wuce motar ta fara ƙin tashi in ta yi zafi. In ya tsaya shan mai a gidan mai, sai an tura. Ƙarar ta dushe. Ranar ƙarshe a kan igiya aka jawo ta daga wajen Kwandere. Na sauke injin na buɗe. A kowace kusurwar ƙarfen nan akwai wani siririn ƙarfe mai shafar bango, duk sun cinye, bangon kuma ya kakkarce, bushe ƙayau. Na ga bushewar da idona. Wani abu ya taɓa ni a ciki, na kau da kai.

Da yamma a majalisarmu ta gindin mangwaro, muna mu tara har da Ciyaman, aka tambaye ni me ya kashe motarsa. Na ce gudu. Na ce wane inji ne za a riƙa kai allurarsa tara duk Lahadi ya rayu? Na ce na sha gaya masa. Ban taɓa gaya masa ba. Aka yi dariya, wani tela ya raɗa masa "Allura Tara", sunan ya bi shi har kasuwar doya. Bai yi musu ba. Ya ce in Injiniya ya faɗa, haka ne.

Na sa wa motar injin tasi, aka sayar wa wani. Shi kuma bai sake riƙe sitiyari ba. Ya ce hannunsa ba na mota ba ne. Shekara goma sha uku yana hawa bayan okada da babbar riga, mutumin da ya fi kowa iya shan kwana a cikinmu. Ƙarfen nan mai kusurwa uku kawai na ajiye, ina tokare ƙofar gareji da shi.

Bara 'yata ta biyu, wadda ta karanta kanikanci a makarantar fasaha, ta zo hutu da 'ya'yanta, ta biyo gareji ta gaishe ni. Ta yi tuntuɓe da ƙarfen, ta ɗaga shi da hannu biyu.

"Baba, ina ka samu wannan? A hoto kawai muka gan shi."

Na ce na wata mota ne mai shan baƙin mai. Ta yi dariya ta ce ai abincinsa ke nan. Ta nuna mini a waya, inji a yanke yana juyawa, ga bututu suna ɗiga mai kaɗan kaɗan a kan bango don kusurwoyin su samu santsi. Ta ce da gangan aka yi shi ya ƙona mai, kuma inji ne mai son a taka shi, jan jiki ne ma ke cutar da shi.

"In aka toshe bututun fa?" na tambaya.

"Wa zai yi haka, Baba?"

Na ce akwai mutane iri-iri.

Sai da na yi wata uku kafin na ɗauki ƙarfen na sa a bayan tsohuwar akori-kurata na nufi Akurba. Na same shi a ƙofar gida yana gyara rediyo. Na ajiye ƙarfen a gabansa, na faɗa masa komai, har da bushewar da na gani na kau da kai. Ya daɗe yana juya shi da ƙafa.

"Ke nan ba ni na kashe shi ba."

"Ni ne."

"Gudun kuma?"

"An ce yana son gudu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce a gindin mangwaro na faɗi waccan, a can zan faɗi wannan. Ya shiga ya sa hula. Na mayar da ƙarfen bayan akori-kura, muka tafi.

Cikin mu tara, huɗu sun rasu, ɗaya ya koma Keffi wajen ɗansa. Biyu muka samu bayan la'asar, wani tsohon direban tanki da telan nan, wanda yanzu kunnensa ya yi nauyi. Na tsaya na yi bayani. Direban tanki ya ce wace mota? Aka tuna masa. Tela ya ce me yake cewa?

"Ɗaga murya, Injiniya," in ji Ciyaman. "Shi ya raɗa sunan."

Na ɗaga. Na ce ni na toshe bututu, na yi wa mutum ƙarya. Tela ya ce butulu? Sai da na faɗa sau uku, na ƙarshen har mai shayi da masu jiran keke suka juyo. Tela ya ce to Allah ya kyauta, ya tambaya ko wani na da goro.

Da muka tashi na nufi ƙofar direba. Ciyaman ya miƙo hannu, tafi a buɗe. Na ba shi makulli. Ya zauna, ya gyara madubi, ya ce kujerata ta lotse. Sau biyu motar ta mutu masa kafin mu hau titi. Ya wuce kwanar gidansa bai ko kalle ta ba, ya miƙe hanyar Kwandere. Da gidaje suka ƙare sai ya bar ta a giya biyu ya danne totur. Akori-kurar ta girmi 'yata, allurarta ta daina aiki tun tuni, injin yana ihu, ƙarfen nan yana garawa yana dukan bodi a baya. Na ji warin lagireto, inji ya ɗau zafi. Na san ba ta da tamosta, ni na cire. Na riƙe ƙofa da hannu biyu.