Saiwar da na tono a Al Ras

Aikina a Dubai tsara ayyukan raya karkara ne, kuma ina da wani hali mai ƙular da mutane: ba na yarda a kawo magani kafin a san ciwo. Shi ya sa ranar da 'yan garinmu suka taru a shagon Alhaji a unguwar Al Ras, bayan an sauko daga Juma'a, na shigo da farin allo a hammata kamar malamin firamare.

Alhaji ne dattijonmu a nan. Da daminar shekarar 'yarsa ta rasu wajen haihuwa a can gida, kuma ba ita ce ta farko a garin ba. Ya riga ya gama shawararsa.

"Motar asibiti za mu saya, mu cusa a kwantena, khalas."

"A gafarce ni, Alhaji, mu fara zana bishiya tukuna."

Aka yi dariya, wani ya ce ɗan boko ya zo shuka a kan siminti. Ban kula ba. Na zana gangar jiki, na rubuta matsalar a kai: mata na mutuwa wajen haihuwa. Na ce saiwoyi su ne dalilai, kuma duk amsar da aka bayar sai a sake tambayar me ya sa, ba a tsayawa har a kai ƙasa.

Yayata na zaune bakin ƙofa tana raba waina. Ungozoma ce a wani asibiti a Bur Dubai, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Ba ta fashin taron nan. Takan tsallako ruwa a abra, wato kwale-kwalen haya, da kularta a cinya, don a nan kaɗai take samun yin Hausa da dariya son ranta.

Me ya sa suke mutuwa? Ba sa isa asibitin birni da wuri. Me ya sa sai birni, alhali ga ƙaramin asibiti a gari? Ɗakin haihuwar a kulle yake. Ina rubutu ina jin daɗin kaina, na juya musu baya na jefa tambayar.

"Me ya sa yake a kulle?"

Da na waiwaya, kowa ya sunkuyar da kai, wasu na kallon kwalaye. Alhaji ne ya amsa, muryarsa can ƙasa.

"Mai kula da shi ta taho."

Sai a lokacin na tuna. Yaya ce mai kula da shi. Ita ta karɓi haihuwar fari ta marigayiyar.

Yaya ta rufe kular a hankali. "Rubuta mana, ƙanena, ai gaskiya ce. Ka kuma tambayi me ya sa. Kai ka ce ba a tsayawa."

Na ajiye alƙalamin. Babu wanda bai san amsar ba a shagon: albashi ya daina zuwa, ni kuma na samu gurbi a jami'a. Ta bar garin ne don in karanta wannan abin da nake tsaye ina yi.

Ta ɗauki kularta ta fita, na bi ta har bakin ruwa. Ba ta yi kuka ba, ni ne hawaye ya kufce wa a gaban 'yan abra.

"Kada ka goge allon nan," ta ce. "Ku bar zancen mota. Ku gyara gidan ungozoma, ku tabbata ana biyan wadda za ta zo. Wa ya sani, ko ita ma tana da ƙane."

Hakan muka yi, Alhaji da kansa ya sa hannu. An buɗe ɗakin, kuma kowa ya ce tsarin ya yi kyau, har a ofis an yaba mini.

Amma Yaya ba ta sake taka shagon ba. Har yau tana soya wainar duk ranar taro, ni nake tsallako da kular. Alhaji kan karɓa ya tambaye ni, "Ina Hajiya?" Nakan ce tana wurin aiki, shi kuma ya ce Allah ya taimaka, ba ya tambayar me ya sa.