Ruwan da Ya Biyo Yaya Danladi ta Baya

Shekara goma sha biyu ke nan, a irin wannan damina, da ruwa ya ci Yaya Danladi a kwazazzabon da ke gangarowa daga kufanmu. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau idan aka ce ruwa ne ajalinsa sai in kasa yarda. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin soja, aka kai shi inda harsashi ke zuba, ya dawo Zuru da ƙafafunsa, ya ajiye kaki ya ɗauki fartanya, wai shi ne zai mutu a rafin da yara ke tsallakewa da rani ba tare da sun tuɓe takalmi ba.

Kakanninmu a kan dutse suka zauna. Da zaman lafiya ya samu aka sauko ƙasa, aka bar kaburbura a can. Kowace shekara, bayan noman farko, mazan gidanmu sukan hau su share ciyawar da ta rufe kaburburan, su yi addu'a, su sauko. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta cikin kwazazzabo, wani matsattsen wuri mai bangon dutse dama da hagu, yashi a ƙasa, ruwa iyakar idon sawu. Akwai wata hanyar ta zagaye, amma tana cinye rabin yini, kuma mazan gidanmu suna ganin binta ragwanci ne.

Sai kuma dokar gida. Daga lokacin da ka juya wa kaburbura baya har ka fito bakin kwazazzabo, ba a waigawa. Tsofaffi suka ce idan ka waiga, na kwance za su ɗauka kiransu kake yi, su biyo ka gida. A danginmu akwai masu zuwa coci, akwai masu zuwa masallaci, an yi ta jayayya a kan abubuwa da yawa, amma wannan doka ban taɓa jin wanda ya yi mata gardama ba. Yaya kuwa ba ka raba shi da doka. Mutum ne da ko ƙarfe nawa aka ce a ci tuwo, to ƙarfe nawan za a ci. Nakan tsokane shi in ce an sallame shi daga bariki amma bariki bai sallame shi ba, sai ya yi dariya ya ce in je in gyara tsayuwata.

Ranar da abin ya faru ina shagona a kasuwa. Rana na dukan ƙeya, amma can bayan duwatsu hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Duk wanda ke gari ya gan shi. Masu shanya suka kwashe, 'yan acaɓa suka nemi rumfa. Mutum biyu ne kawai ba su gan shi ba, Yaya da Yohanna, ɗan ƙanen babanmu, waɗanda suka hau tun da safe. A cikin kwazazzabo, sararin da ke bisa kanka ɗan siriri ne, kuma a ranar wasai yake. Hadarin yana bayansu, daidai inda aka hana su dubawa.

Daga bakin Yohanna muka ji sauran. Ya ce da farko wata iska mai sanyi ce ta bugo musu ƙeya. Sai ruwan da ke ƙafarsu ya sake launi, ya zama ja, yana tafe da kumfa da karmami. Sai wani ruri daga sama, kamar babbar mota na gangarowa.

"Yaya, ka ji abin da nika ji?" in ji Yohanna.

"Iska ce. Miƙe wuyanka mu tafi."

Yohanna bai iya daurewa ba, ya waiga. Ya ce abin da ya gani ya fi tsayin mutum, laka da itatuwa da duwatsu a cakuɗe. Ya ƙwalla ihu, ya kama saiwar wata bishiya ya haye gefen dutse. Yaya ya ji ihun, amma maimakon ya hau gefe, sai ya zura da gudu gaba, bin hanyar ruwa. Ko ɗigo ɗaya bai sauka a kansu daga sama ba. Washegari aka same shi a gefen wata fadamar shinkafa, ta wajen Dabai.

Abin da ya biyo baya ya fi ci mini rai. Ana zaman makoki, wasu dattawa suka fara raɗa cewa waigen Yohanna ne ya jawo ruwan. Mutumin da ya tsira da ƙyar, tafin hannunsa duk a saɓule, shi aka mayar mai laifi. Bai yi musu da kowa ba. Da kaka ta yi ya kwashe iyalinsa ya koma Dirin Daji, kuma bai sake taka dutsen nan ba. Na yi fushi a lokacin, har yanzu ma ban huce ba.

Yau duwatsunmu sun zama wurin yawon buɗe ido. Duk da fargabar daji da ake ciki, ranar Asabar sai ka ga samari da 'yan mata da takalman kambas da gorar ruwa, suna hawa don ɗaukar hoto. Wayar da ke hannunsu tana iya gaya musu ko za a yi ruwa, amma hoton kansu suke dubawa. Nakan tsaya in ce musu kada su shiga kwazazzabo da damina bayan rana ta karkata, ruwan da zai kashe mutum ba lalle a kansa zai zuba ba, kuma in sun ji ruri su hau gefe, kada su yi tsere da shi. Sukan ce "To, Mama," su wuce. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da su. Na san zai yi musu faɗan rashin tsari, ya jera su a layi. Abin da ban sani ba shi ne ko zai ce su riƙa duba baya.

Bana tambayar ta shigo har cikin gida. Rahila, 'yarsa ta fari, wadda ke firamare lokacin rasuwarsa, ta gama karatun jinya, ta ce ita ma za ta hau ta ga inda kakanninta suke. Maza sun yi ƙaranci a gida, aiki ya watsa su, don haka Baba Audu, babban gidanmu a yanzu, ya yarda, da sharaɗin ta kiyaye doka. Na roƙe shi a ɗage hawan zuwa rani, ko a bi ta zagaye. Ya ce ciyawa da damina take fitowa, kuma ba a kansa za a sake hanyar iyaye ba. Na roƙi Rahila ta haƙura, ta ce kabarin kakan babanta ne. Taurin kan nan na san inda ta gado shi.

Ranar da suka hau ban buɗe shago ba. Na je bakin kwazazzabo na zauna a kan dutse, idona a kan sama, ina bin duk ɗan gajimaren da ya leƙo da kallo. Da suka fito, Baba Audu ya wuce ni ko kallo babu, fuska a murtuke. Rahila ta zo ta durƙusa kusa da ni.

"Gwaggo, na waiga. Ba sau ɗaya ba. A gaban Baba."

"Mi kika gani?"

"Ba komi. Sama wasai."

Daga ranar Baba Audu bai sake amsa gaisuwarta ba. Tana zuwa kowace safiya ta durƙusa a ƙofarsa, ya kau da kai. Wasu a dangi sun fara cewa a jira a ga abin da zai biyo ta gida, kuma na lura an daina aiko mata da yara ta duba.

Me ya rage na Yaya Danladi? Gonarsa tana hannun wani, kakinsa asu ya cinye. Biyayyarsa tana nan a wurin dattawa, suna yabonta, ni kuwa na san ita ta kai shi fadamar shinkafa. Ƙarfin halinsa yana jikin 'yarsa, kuma da shi ta karya abin da shi bai iya karyawa ba. Ban san ko zai yafe mata ba, domin shi mutum ne da bai taɓa yafe wa mai saɓa doka ba. Na dai san tana raye, tana cin tuwo a ɗakina. Ta tambaye ni ko ta je ta ba Baba Audu haƙuri. Na ce ta je, babba ne. Amma baɗi, in Allah ya kai mu, ta sake waigawa.