Ƙasar da na tara a ƙwarya

Ɗakin Inna, uwar maigidana, shi ne na farko da aka shafa wa siminti a unguwarmu a Bodinga. Autanta ne ya yi mata, lokacin da siyasa ta dawo ya samu aiki a Sakkwato. Soro ne na ƙasa da marigayi mijinta ya gina da hannunsa, aka lulluɓe shi ciki da waje har rufi. Mata suka riƙa zuwa kallo, wasu har daga Danchadi, suna shafa bangon kamar masu shafa jariri.

Kafin nan, duk bazara maza kan hau soron da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, su yaɓe shi, su share indararo. Hannu ne ke gano tsaga tun tana ƙarama. Da siminti ya zo sai aka ce an huta. Tsanin ma aka ara wa maƙwabta, bai dawo ba.

Sai fari ya shigo, gero ya yi wuya, aka sallami autan daga aiki ya koma noma wajen surukansa a Lambara. Wa zai tuna da rufi alhali sama ba ta zubar da komai? Rana dai ta yi ta gasa simintin.

Shekarar da ruwa ya dawo na fara jin abin. Ni ba mai fita ba ce, gida ne duniyata, kuma Allah ya ba ni kunne. In ana ruwa na san muryar kowane indararo a gidan. Namu yana ruri, na zaure yana tsiyaya kamar buta, na Inna kuwa ɗis, ɗis, sai ya yi shiru. Ruwa ɗaya ke sauka a kanmu duka. To nata ina yake zuwa?

Daga nan ƙofarta ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa. Ɗakin ya ɗauki ƙanshin sabuwar randa. Wani fari kamar kanwa ya fito a gindin bango, in na goge ya dawo. Tururuwa suka yi ta fita ɗauke da ƙwayayensu. Wata rana ina shara gindin tsintsiya ya bugi bangon, ya amsa mini kamar ƙwarya kife.

Na faɗa wa maigidana. Ya ce siminti yanzu ko a Sakkwato sai wane da wane, a bari kaka ta yi. Ya kuma roƙe ni kada maganar ta kai kunnen ƙaninsa, don abin da ya rage masa na alfahari ke nan. Na zagaya na ce wa Inna ɗakin ya cika sanyi, ko za ta dawo wajena.

“Sanyi ai rahama na, ɗiyata,” in ji ta. “Ko kin gaji da shara ne kike son haɗe ɗakuna?”

Na yi dariya, me zan yi? Suruka ba ta kallon uwar miji ta ce kyautar ɗanki ta ruɓe.

Amma kullum da safe ina samun jar ƙasa ƙarƙashin gadonta, tana fitowa ta wata siririyar tsaga, da lema, tana dunƙulewa a hannu. Sai na daina zubarwa. Na riƙa tarawa a ƙwarya ina ɓoyewa bayan rumbu. Ranar da ta kusa cika, da hantsi, ina tsaye na ji tasoshin jerenta sun yi ƙara su kaɗai, babu iska, babu wanda ya taɓa su. Na ɗauko ƙwaryar, na durƙusa, na ajiye gabanta.

Ta ɗiba ta murza, ta kai hanci. Ta daɗe. Ita ta ɗebo ruwan kwaɓin ƙasar nan tana amarya, ta san ta da hakin da ke cikinta.

“Wagga ƙasar malam ta,” ta ce a hankali, tana nufin marigayi mijinta. “Ina kika samo ta?”

“Ƙarƙashin gadonki, Inna.”

Ta ɗaga kai ta dubi azara. Sannan ta ce in ɗauko mata buzu da carbi, sauran kaya maza su fitar, kuma kada yara su ƙara shiga.

Ɗakin bai faɗi ranar ba, bai faɗi a makon ba. Inna ta zauna a ɗakina tana kallonsa ta ƙofa, wani lokaci ta ce na raba ta da gadonta a banza. Sai wata la'asar, rana tas, ko girgije babu, na ji wani nishi mai nauyi. Rufin ya zauna ciki gaba ɗaya, daidai kan inda gadon yake. Ƙura ma ba ta tashi ba, taɓo ne. Simintin bangon gabas ya tsaya shi kaɗai, siriri, babu komai bayansa.

Inna ta ce kada a aika Lambara tukuna. Ƙwaryar kuma ta ce a bar mata ita.