Ranar da Na Ɗaure Injiniya a Kan Katako

Cikin shekaruna na kafinta, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce Juma'ar da na ɗaure Injiniya Sanda a kan katako. Ku da ke koyon aiki, ku aje guduma ku saurara.

Lokacin ina aiki da wani kamfanin gine-gine, muna gina ɗakin shan magani kusa da garin Gangara. Tsarin aikin haka yake: injiniya a sama, sai foman, wato shugaban masu aikin hannu, sannan mu kafintoci da magina. Foman ɗinmu ya tsufa zai aje aiki, kuma injiniya ne zai zaɓi magajinsa. Ni Nomau na sa rai ƙwarai, don kowa ya san abin da na kafa ba ya cirewa.

Injiniya Sanda ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi. Kullum sai ya ba mu labarin yadda suke taka dogayen katakai su sulalo daga kan dutsen ƙanƙara. Sunan abin siki. Mu ce, "Allah ya ƙara girma, yallaɓai," in ya juya mu yi dariya. Kwatsam wani direba mai ɗauko gwanjo daga Maraɗi ya kawo mashi irin katakan guda biyu, da takalman roba masu tauri, da wasu ƙarafa masu sifirin waɗanda ake ɗaurawa a kan katakon su riƙe takalmi. Mu dai tarko muka sa musu suna, don da shi suka yi kama.

Ya kira ni gidansa a Sabon Birni, ya ce, "Nomau, can Turai shago na musamman aka kai wanga aiki, amma ni na yarda da hannunka. Za ni Sakkwato, sai Juma'a. Ga takarda, ka bi ta daki-daki."

Takardar da Faransanci take. Ga Isuhu magini yana jin Faransanci, amma mai neman foman ya je yana tambayar magini? Na ninke ta na sa aljihu.

Na auna tsakiyar katako, na huda, na sa gam, na ɗaure tarkon da sukuru, aiki tsaf. Na sa takalmi, ya kama ƙas. Sai na ɗan murɗa shi gefe don gwaji. Fit! Ya fice. Na mayar, na sake murɗawa, ya sake ficewa. Gumi ya keto mini. Na ce lalle wanga tarko ya gaji, shi ya sa Bature ya yar da shi. In ya saki yallaɓai a gaban jama'a, sunana ne ya zube.

Na ƙara wa sifirin ƙarfi har ƙarshe, amma hankalina bai kwanta ba. Sai na yi abin da nake wa ƙofar shago don ɓarayi: na huda ƙasan takalmin har ya ɓulla ƙarƙashin katako, na zura bol biyu-biyu, na ɗaure noti, na daddake bakinsu da guduma. Wallahi na koma gida ina jin daɗin kaina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka taru a gaɓar gulbi, inda tifa ke ɗibar yashi, wurin akwai gangara mai tsawo. Leburori, masu jakuna, har da makiyayan da suka kawo shanu shan ruwa. Injiniya ya ce a goga wa katakan kyandir. Da ya ga takalman a manne, ya dube ni.

"Nomau, ka gwada? Shina saki?"

Na bugi ƙirji. "Saki? Yallaɓai, ko raƙumi ba ya raba su."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai jama'a suka ɗau tafi. Mutum ya shekara yana cika baki, ga idanu sun yi masa caa. Ya zura ƙafa, ya ɗaure, ya karɓi sanduna biyu na dogarawa.

Gaskiya ya iya. Ya sulalo kamar taku ashirin, rigarsa na kaɗawa, har wani Bafulatani ya yi salati. Sai kawunan bol ɗina suka ci yashi mai tauri. Katako ya tsaya cak, Injiniya bai tsaya ba. Ya kifa, ya juya, katakan suka bi shi suna fiffika a sama. Aka fashe da dariya, ni ma har da ni. Ihunsa ne ya tsayar da mu.

Ƙafar dama ta karye a idon sawu, nan da nan ta kumbura ta cika takalmin. Ta hagu ta zaru lafiya, amma da aka ja ta dama, sai ya yi ƙara. Katako kuma ba ya cirewa, ni na sani. Haka muka ɗora shi a kan amalanken jaki, katako ɗaya na leƙo waje, muka nufi gidan Sarkin Ɗori. A hanya yana nishi yana ce mini, "Kai Nomau! Wanga abu don shi saki anka yi shi! In mutum ya hwaɗi, shi fice, ƙafa ta tsira. Mi kag gani cikin takardar?"

Na ce, "Na ga Faransanci, yallaɓai."

A ƙofar zaure katakon ya gitta, ya hana mu shiga. Sarkin Ɗori ya fito, tsoho mai sanyin magana, ya zagaya amalanken sau biyu, ya ce, "Ni ƙafa nika ɗori, ba ƙyaure ba. A nemo kafinta."

Kowa ya juyo ya dube ni. Na ɗauko zarton ƙarfe na durƙusa. Na fi rabin awa ina yankan robar nan, haƙoran zarto na wucewa dab da fatar maigidana, shi kuma yana karanto duk addu'ar da ya sani. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Isuhu aka ba foman, kuma ban ga laifin kowa ba. Injiniya bai kore ni ba, bai ma sake tayar da zancen ba, kuma wannan ya fi duka zafi.

To ku ji da kyau. Kafin ku ɗaure abu, ku tambayi don me aka yi shi, ko da wanda zai faɗa muku bai kai ku ba. Ƙarfin ɗauri ba shi kaɗai ne iya aiki ba. Injiniya ya yi ritaya, yanzu masallaci ɗaya muke salla. In aka zauna tahiya, kowa ya naɗe ƙafarsa, shi tasa ta dama a miƙe take, ba ta lanƙwasuwa. In aka sallame kuma, shi ke fara miƙo mini hannu.