Gashin Ƙanwata a Hannun Lokotoro

Shekarun baya, zamanin da Anasara ke mulki, na dawo Matankari daga aikin soja da Faransanci a bakina da 'yar Bambaranci, ina jin babu abin da ban gani ba. Na tarar da ƙanwata, matar aure mai goyo, kwance da zazzaɓi mai zafi. Wani lokotoro Bature da ke zagayen ƙauyuka ya duba ta, ya ba da magani. Da ya ga wani tabo a kanta, sai ya sa almakashi ya yanki gashinta kaɗan, ya ƙunshe ya tafi da shi.

A wurinmu ko wanzami ya yi maka aski, kai za ka kwashe gashinka ka binne, kada ya faɗa hannun mugu. Mahaifiyata ta bi shi da ido har ya hau doki.

Ƙanwata ta warke. Sai bayan an kai gero rumbu gashin ya soma zuba, tana taje shi yana biyo hannu. Dangin mijinta suka fara cewa an yi mata asiri, wasu har suna gudun cin tuwonta. Inna ta kira ni.

"Kai da kake jin maganar Anasara, tafi Dogon Dutsi wurin lokotoron ka amso min gashin ɗiyata."

Na tafi. Lokotoro ya saurare ni, bai yi dariya ba. Ya ce gashi daga saiwa yake fitowa a cikin fata, kowane sili da lokacin tsirarsa da na hutunsa. Zazzaɓi ko haihuwa kan sa da yawa su huta tare, sai su zube bayan watanni, saiwar kuwa tana nan da rai. Abin da aka yanke, in ji shi, matacce ne. Na tambaye shi ina wanda ya ɗauka. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce a shigo da mai bi mini.

Na dawo na zuba wa Inna bayani, ina ta hura hanci kamar ni na gano shi. Ta bar ni na gama.

"In matacce ne, mi za shi yi da shi?"



Kafin damina ƙananan gashi suka tsiro, surutu ya mutu, aure ya zauna. Inna ta ce addu'arta ce ta fi ƙarfin Anasara.

Daga baya na zauna a Kumasi da birnin Lami da Sudan, ko'ina na ga mai jego ko mai tashi daga ciwo gashinta na zuba ya dawo, ba tare da wani ya yanka ba. Gaskiya lokotoron ya faɗa mini, na yarda. Sai dai har Inna ta rasu ba ta bar wani Bature ya sake taɓa kan ɗanta ko jikanta ba, ni kuma ban taɓa ce mata ta yi kuskure ba.