Kwamfutar da Yaya Idi Ya Bar Mini

Wata Laraba, cikin daminar shekarar da na gama aji shida, Yaya Idi ya ɗora mini 'yar kwamfutarsa a cinya, ya ce, "Riƙe mini ita, Hadiza." Ya hau kabu-kabu zuwa tashar Konni, daga nan sai Agadas neman aiki. Ba mu daɗe da tasowa daga Dogarawa zuwa Malbaza ba, don Baba ya samu tuƙin kamyo, babbar motar ɗaukar siminti. Ƙawayena duk suna ƙauye, yaran layinmu kuwa in na fito kallon wasan carabke sai su ce baƙauya ta zo. Don haka in na gama surfe da wanke-wanke, na zuba wa tumaki harawa, sai in shimfiɗa tabarma bayan ɗakin Inna in buɗe kwamfutar.

Fuskarta ba ta kai faɗin littafin lakwal, wato na makaranta, ba. In na buɗe abu sai gindinsa ya nutse ƙasa, inda ake dannawa ya ɓace. Ba wanda zan tambaya, Faransancina kuma na aji shida ne. Da laluben yatsa na gano yadda ake rage girman 'yan gumakan da suka cika ta, na kwashe su na jera a kusurwa, na mayar da dogon layin nan na ƙasa zuwa gefe, na sa ya riƙa ɓuya sai an neme shi. Da fili ya samu, na shimfiɗa hoton Yaya na ranar salla.

Wata rana na zarce, na ƙanƙance rubutun har ya koma kamar ƙwayar gero, ban iya karanta hanyar komawa ba. Kwana huɗu ina kuka a ɓoye, ina ganin na kashe amanar da aka ba ni. Inna ta lura na daina kawo mata hoton, ta ce, "Ke, mi ya samu ɗan'uwanki cikin akwatin nan?" Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta aro gilashin idon wata tsohuwa maƙwabciyarmu, na kanga shi a kan rubutun ina bi harafi-harafi, ita tana riƙe da zane tana tare mini hasken rana, har komai ya dawo.

Sai bayan shekara uku Yaya ya dawo. Ya buɗe, ya nemi kayansa ya rasa, ya yi dariya ya ce, "Wagga ai ba tawa ba ce kuma."

Yau a buro, wurin aikina, ina gaban kwamfuta mai faɗi kamar faifai, mutane na shige da fice, ban taɓa matsar mata da komai ba. Inna ta rasu, gidan Malbaza wasu ke ciki. A wancan garin da ban san kowa ba a lokacin, cikin 'yar fuskar kwamfutar Yaya na fara samun wurin zama.